Shaidar Baba Tanimu da Na Bari a Baki Na Tafi Legas

Tun da na dawo daga Legas ban huta da tambaya ba. A harabar kotu a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, hatta mai shayin bakin tashar Kura sai da ya riƙe mini kofi ya ce, "Barista, ba zan miƙa maka ba sai ka faɗa mini yadda teku take." Ban ga teku ba. Abokan aikina lauyoyi kuwa kwaɗayinsu daban ne. So suke su ji a bakina, kyauta, waɗanne dokoki ake shirin sauyawa, alhali ranar da aka manna sanarwar taron babu wanda ya ko ɗaga kai ya karanta. To ga shi na zauna na rubuta duka, da abin da suke son ji da wanda ba su tambaya ba. Duk wanda ya sake tare ni takarda zan miƙa masa in wuce.

Kada wanda bai san ni ba ya ji an ce lauya ya hango mota da direba. Ofishina shago ɗaya ne a Kura, tsakanin mai sayar da taki da mai gyaran injin ban ruwa. Sunana Habu, haifaffen wani ƙauye ne ni a gefen Bunkure, kuma shari'o'ina ba su wuce na mutanenmu ba: rikicin iyakar gona, rabon gado, shanu sun shiga albasa, wane ya datse wa wane ruwa ranar da ba tasa ba.

Shari'ar da ta fi tsaya mini a rai a wannan lokacin ita ce ta Sale, abokina tun firamare. Lokacin da aikin noman rani ya zo yankinmu muna yara, an karɓi gonaki, aka sare itatuwan da kowa ya san iyakarsa da su, aka baje ƙasa, aka ja hanyoyin ruwa, sannan aka sake raba wa mutane filaye. Mahaifin Sale, Malam Audu, ya samu nasa da 'yar takarda, ya soke ta a rufin ɗaki, gara ta bi ta a hankali har ta cinye ta. Bayan shekaru sai ga wani attajiri daga birni ya sayi filayen da ke kewaye, ya fito da takarda mai zane da hatimi wadda ta haɗiye filin Sale ɗungurungum. Filin nan shi ke ciyar da mutum goma sha ɗaya. In ya tafi, Sale zai koma ɗan ƙwadago a gonar da aka haife shi a kanta.

Ba mu da takarda, amma muna da Baba Tanimu. Shi ne ya riƙa ja wa ma'auna, wato masu awon ƙasa, sarƙar awo a shekarar rabon, kuma shi kaɗai ya rage a raye cikin waɗanda suka tsaya a wurin. Aminin mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba ranar da na zo duniya. Sau uku ina ɗaukar tsohon nan zuwa kotu a Kano, sau uku lauyan attajirin yana miƙewa ya nemi a ɗage zama, yau ba shi da lafiya, gobe yana da wata shari'ar a wani gari. Ni kuma ban taɓa musawa ba, don akwai wata kara marar amfani a tsakaninmu lauyoyi: yau ka ɗaga wa abokin aiki ƙafa, gobe ya ɗaga maka. Haka Baba zai wuni a kan benci da sandarsa, mu dawo da yamma bai ce uffan ba.

Ana cikin haka na ga sanarwar taron bita na kwana uku a Legas, kan dokokin da ke gaban majalisa da sababbin ƙa'idojin kotu. Raɗe-raɗi ya yi yawa cewa nan gaba lauyan da ba ya halartar irin wannan bita ba za a bar shi ya tsaya gaban alƙali ba. Tsoro ya kai ni, ba son ilimi ba. Da Sale ya ji ina ƙorafin tsadar mota sai ya ce, "Kai lauyan ƙauye, motar ƙauye ta dace da kai. Dogo direba zai tashi da tumatir jibi. Ka shiga gaba ka naɗe ƙafa, in an tambaye ka ka ce kai ne mai kayan."

Ana gobe zan tashi na je yi wa Baba Tanimu sallama. Na same shi a jikin katanga yana shan hantsi, na durƙusa na gaishe shi. Na lura hannunsa na dama yana rawa, har goron da yake ƙoƙarin ɓarewa ya suɓuce masa.

"Habu, ashe Ikko za ka?" in ji shi, don shi haka yake kiran Legas. "To a sauka lafiya. Kada ka ci abin da ba ka san sunansa ba."

"In sha Allahu, Baba. Ya ƙarfin jikin?"

"Jiki da sauƙi. Kai dai ka je ka dawo, maganar filin Audu tana nan a bakina. Ko barci nake aka tashe ni zan zayyana ta."

Akwai biro a aljihuna, akwai takarda a jakata. Na san abin da ya kamata in yi, kuma har hannuna ya kai aljihu. Amma da wane baki zan ce wa mutumin da ya yi mini huɗuba, Baba bari in rubuta maganarka in ajiye? A wurinmu wanda ya faɗi haka ko dai yana zargin dattijo zai sauya magana, ko kuma yana ganin ba zai kai ranar ba. Duka biyun ba a faɗa wa babba. Na fito da hannuna da goro biyu maimakon biro, na ajiye masa, ya sa mini albarka na tafi.

Dogo gajere ne, ya haura hamsin, haƙoransa jawur da goro. Motarsa tsohuwar gingimari ce, an jera mata kwandunan tumatir har sun wuce katako. Na rataye kwat ɗina cikin leda a bayan kujera, muka tashi da hantsi. Kafin mu kai Zariya na san sunan duk 'ya'yansa, na kuma san ra'ayinsa a kan lauyoyi, wanda ba zan maimaita ba.

Bayan Kaduna muka fara cin karo da shingaye. Wasu da kaki, wasu da riguna masu rubutu, wasu ba ka san ko su wane ne ba sai katako mai ƙusoshi da suke jawowa kan titi. Dogo ya san kowa da irin gaisuwarsa, ba ya ko kashe inji. Tun da wuri ya gargaɗe ni, "Don girman Allah Barista, in mun tsaya kada ka yi Turanci." Na yi shiru a shinge uku. A na huɗu wani ya ce sai an biya harajin kayan gona da aka riga aka biya a baya, ni kuwa jinin lauya ya motsa. Na leƙo ta taga na tambaye shi wace doka ce ta ba shi iko, sashe na nawa. Mutumin ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce a faka a gefe za a duba takardu.

Awa biyu da rabi muka yi a rana. Da muka samu muka wuce, sai da muka yi nisa sannan Dogo ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka yi gaskiya, Barista, ban ce ba ka yi ba. Amma kwando ɗari uku ne a bayanka, kuma ba su san kana da gaskiya ba." Kunya ta rufe ni, na ba shi haƙuri.

Washegari tsakanin Tegina da Mokwa lagireto, wato tankin ruwan inji, ya fashe. Dogo ya hau wata mota ya tafi neman makanike, ya bar ni gadi. Zafin wurin ba irin namu ba ne, mai danƙo ne, yana manne wa jiki. Wajen azahar na fara jin ɗiga. Na leƙa ƙarƙashin mota na ga jan ruwa yana zuba daga tsakanin katakai, ƙuda sun yi baƙi a kansa. Na san masu kayan nan ɗaya bayan ɗaya, na san wanda ya wuni a tsugune yana tsinka. Ina zaune a gindin taya ina kallon guminsu yana tsiyaya a kan kwalta, ba abin da zan iya.

A ƙauyen da ke gefen hanyar muka kwana, a zauren wani dattijo Banufe. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kowa ya durƙusa ƙasa ƙasa ana ta yi kamar ba za a gama ba, har na fara tunanin ko wani abu ya faru. Ya kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi wadda har yau ban ci kamarta ba. Da ya ji ni lauya ne sai ya shiga ciki ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe, ga takardun gonarsa a naɗe cikin leda uku. Bai iya karatu ba, amma duk wata takarda da hukuma ta taɓa ba shi tana ciki, har da ta rigakafin shanu. Ya ce in duba masa ko akwai wadda ta lalace. Babu.

Da hantsi muka hau gadar Jebba. Babu wanda ya nemi fasfo, amma duk wanda ya bi hanyar ya san nan ce iyaka. Dogo ya rage gudu ya yi addu'a, ni ma na yi. Daga can harshe ya sauya, rufin gidaje ya koma jan kwano mai tsatsa, mata ne a kan kowane teburin ciniki. A Ilorin na ga saurayi da wandon boko ya zube rub da ciki a ƙasa yana gaida wani tsoho, ya tashi ya karkaɗe ƙirjinsa ya ci gaba da tafiya. Na ce a raina, ashe akwai waɗanda suka fi mu girmama manya. A nan ne kuma na karya umarnin Baba, aka kawo mini wani baƙin tuwo da koriyar miya mai yauƙi, na ci ina ɗari-ɗari. Loma ta uku na gane miyar, ashe lalo ce ta sauya suna.

Sai a rana ta uku muka shiga Legas, kai tsaye kasuwar da ake sauke kayan gwari. Hayaniyar wurin ta isa ta sa mutum ciwon kai, kowa magana yake kamar faɗa, ashe ciniki ne kawai. Da aka fara sauke kwanduna, na sama suna da kyau, na tsakiya sun yi laushi, na ƙasa kuwa sun zama miya. Matan kasuwa suka kewaye ruɓaɓɓen suna taya shi da abin da bai kai kuɗin kwandon ba. Dogo ya zauna a kan matakin motarsa ya cire hula ya riƙe a hannu. Na je in yi masa godiya, ya ce, "Jeka taronka, Barista. Allah ya sa abin da za ka koyo ya amfani wani."

Wani dillali ɗan wajenmu ya ba ni kwana a ɗakin baƙinsa, mu bakwai a kan tabarma biyu. Da na buɗe ledar kwat ɗina na tarar ruwan tumatir ya bi ta bayan kujera ya yi mata taswira a kafaɗa. Na wanke da sabulu, ta ƙi bushewa, don iskar garin kanta a jiƙe take. Haka na sa ta da damshinta. Ranar farko ta taron kuwa ta riga ta wuce ina kan hanya.

Zauren taron a wani babban otal yake, sanyin na'ura kamar a cikin firji, ni kuma da jiƙaƙƙiyar kwat. Aka maƙala mini suna a ƙirji. Abin da ya fara ba ni mamaki, an ce ƙarfe tara kuma ƙarfe taran aka fara. Na biyu, mutum zai miƙo maka kati mai sunansa kafin ya tambayi lafiyar iyalinka, in ma ya tambaya. Wanda ke kusa da ni ya shaƙi hanci sau biyu ya matsar da kujerarsa.

To ku abokan aikina, ga abin da kuke nema. An daɗe a kan dokar shaida, wadda suka ce ta tsufa, tun ta zamanin Turawa ce, ba ta san kwamfuta ba balle saƙon wayar salula, kuma akwai ƙudirin gyara ta. An yi maganar haraji da kamfanoni da fansho da haɗewar bankuna, inda na yi gyangyaɗi, don a Kura ban taɓa ganin wanda ya zo da rigimar hannun jari ba. An taɓo dokar filaye, wai ana son a sassauta wahalar neman amincewar gwamna kafin a sayar da fili, amma mai jawabin da kansa ya ce kada kowa ya riƙe numfashinsa yana jira. Maganar tilasta mana bita kuwa gaskiya ce, tana tafe, ku shirya.

Wanda ya tashe ni daga gyangyaɗi jawabin wata dattijuwar lauya ce, Bayarabiya, mai furfura da ƙaton tabarau, kowa Mama yake ce mata. Ta yi bayanin sababbin ƙa'idojin kotu da aka riga aka fara aiki da su a can, ta ce sauran jihohi ma suna hanya. A sabon tsarin, ranar da ka shigar da ƙara ranar za ka haɗa da maganar kowane mai shaida a rubuce, ya rantse a kanta ya sa hannu. Ba sauran ɓoye shaida a aljihu sai ranar zama. Wanda ya nemi ɗage zama ba dalili kuma zai ɗanɗana kuɗarsa. Tana magana ina ganin Baba Tanimu a kan benci.

Da aka ba da damar tambaya na ɗaga hannu. Da Turanci muka yi, amma ga ma'anarsa. Na ce ina da mai shaida guda ɗaya tak, tsoho ne ƙwarai, an yi ta ɗage mana zama, shin in sabon tsarin ya iso wurinmu zai taimaki irinsa? Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Shekararsa nawa?"

"Ya kusa tamanin."

"Ka rubuta maganarsa?"

"A'a."

"Ka roƙi kotu ta ɗauki shaidarsa tun da wuri saboda tsufa, ko da a gidansa ne, a gaban lauyan ɗaya ɓangaren?"

Na girgiza kai.

"Ɗana," in ji ta, "wannan ba sabuwar doka ba ce. Tana nan tun kafin a haife ka. Kai ba dokar gobe ce matsalarka ba."

Wasu suka yi dariya. Na zauna. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wannan hanyar, an koya mana ita a makaranta, har jarrabawa na ci a kanta.

Lokacin cin abinci sai ga ta da farantinta ta zauna kusa da ni. Ashe ta yi ƙuruciya a Kano, tana jin Hausa tsinta-tsinta. Ta ce, "Na ba ka kunya, ka yi haƙuri. Me ya hana ka?" Na faɗa mata gaskiya, na ce mutumin kamar uba yake a wurina, kuma a al'adarmu yin haka kamar kira masa mutuwa ne. Ta yi dariyar da ba ta jin daɗi ba ce. Ta ce, "Kana tsammani mu ba mu da wannan? Mu da muke kwanciya a ƙasa mu gaida iyaye? Ni na zaunar da mahaifina na rubuta duk abin da ya sani a kan gidan kakanmu. Ya ce ina ƙirga masa kwana. Wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Ya rasu, gidan yana hannunmu." Ta ƙara da cewa takarda kaɗai ba za ta tsaya a madadin mutum ba, in koma in shigar da roƙon nan da nan, kada in tsaya shan ruwa.

Na fita waje na kira lambar mai shagon da ke da waya a ƙauyenmu, don a lokacin wayar salula ba ta yawaita ba. Sai a kira na biyar aka samo Sale. Na tambayi Baba, ya ce, "Lafiya lau yake, ɗazu ma na gan shi, sai ɗan ciwon kai da ya ce yana ji." Hankalina ya ɗan kwanta. A nan na yi kuskure na biyu, kuma wannan ba ruwan al'ada a cikinsa. Sai an kammala rana ta ƙarshe ake raba takardar shaidar halarta, na ce bayan duk wahalar nan ba zan koma hannu rabbana ba. Na ƙara kwana ɗaya saboda takarda mai zanen zinare a gefe.

A motar haya na dawo. Tun daga Ibadan na ɗora jaka a gwiwa na fara rubuta shaidar Baba kamar yadda na sha ji a bakinsa: shekarar da ma'auna suka zo, waɗanda suka tsaya, inda aka kafa turke, sarƙa nawa gabas, nawa kudu. Mota na tsalle biro na zamewa, na yi shafi huɗu. Na tsara har kalmomin da zan lallashe shi da su. Na yanke cewa ko zai yi wata biyu bai amsa gaisuwata ba zan jure.

Ban ƙarasa Kano ba, a Kura na sauka da la'asar na hau acaɓa zuwa ƙauye. Tun daga nesa na hango takalma a ƙofar gidan Baba Tanimu. Sale ya fito ya tare ni.

"Da ransa," in ji shi da sauri. "Amma yau da safe ya faɗi wajen alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye. Habu, bakin ya tafi."

Yau da safe. Da na baro Legas ranar da matar nan ta ce in baro, da na kwana a ƙauye na same shi yana magana. Na lissafa wannan a tsaye a wurin, kuma har yau ina lissafa shi.

Na nuna wa Sale takardun da na rubuta. Ya jawo ni gefe ya rage murya. "To ai shi ke nan. Yatsansa na hagu lafiyarsa ƙalau. A dangwala masa tawada a ɗora. Ba ƙarya za mu yi ba, maganarsa ce." Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin abin. Na san ba daidai ba ne, na san ko an yi da wuya ta tsaya a kotu, amma na tuna mutum goma sha ɗaya. Na ce masa bari dai in fara karanta wa Baba ya ji.

Babban ɗansa ya yi mana iso. Baba yana kwance a kan katifa, bakinsa ya karkace, idanunsa kuwa tar, ya gane ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar filin Malam Audu ce na rubuta yadda kake faɗa. Zan karanta maka." Na fara. Shafin farko yana kallona, har yana ɗan lumshe ido kamar mai amincewa. Na shiga na biyu, na zo inda na rubuta cewa filin ya tashi daga ƙaramar hanyar ruwa ta gabas ya yi sarƙa huɗu zuwa turke. Sai Baba ya yi wani gurnani, ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana kaɗawa.

Na tsaya. Na sake karanta layin, ya sake kaɗa hannu, da ƙarfi wannan karon. Akwai kuskure a wurin.

"Baba, ba huɗu ba ne? Biyar ne?" Ya kaɗa hannu. "Uku?" Ya kaɗa. Sale ya matso, "Baba, ko ba daga gabas aka fara ba?" Ya kaɗa. Muka ɗaga masa yatsu, muka zana a ƙasa, muka kira sunayen maƙwabtan filin na da. Leɓɓansa suna motsi, wuyansa ya ɗaure don ƙoƙari, abin da ke fitowa ba magana ba ce. Ya san amsar, tana nan a cikin kansa daram, mu kuma muna durƙushe a gabansa kamu ɗaya tsakaninmu. Daga ƙarshe hawaye ya gangaro masa ta gefen da bai shanye ba, ya juya fuskarsa ga bango. Ɗansa ya ce, "Ku bar shi haka, don Allah."

Na naɗe takardun na mayar jaka. Ni da Sale babu wanda ya sake ambatar tawada.

Muka fito muka bi gefen hanyar ruwa ba tare da mun shirya ba, har muka tsinci kanmu a filin. An gama tsinkar tumatir, sai busassun karare a tsaye. Ruwa yana gudu a gefe, maƙwabta sun riga sun fara gyaran ƙasa. Saura mako bakwai a koma kotu, kuma na san abin da alƙali zai yi idan ɓangare ɗaya ya zo da takarda mai hatimi, ɗayan ya zo hannu biyu.

Sale ya ce, "Habu, ba Barista nake tambaya ba, kai nake tambaya. Na tanadi irin masara. In zuba?"

Masara wata uku take so. Na ce, "Sale, ka shuka abin da zai isa yanka cikin kwana arba'in."

Ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai ƙirga shi.

"Alayyafo ke nan," in ji shi.

Ya sunkuya ya fara tuge kararen tumatir. Na ajiye jakata a kan ciyawa, na tuɓe takalmi na shiga na kama masa. Har muka kai ƙarshen layin babu wanda ya ɗago ya dubi ɗan'uwansa.